Wa Ke Zama a Rumfar Nan Ranar Asabar?

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar Pimento Cross, Maas Egbert Salmon. Mai girma Kansila Hopeton Rowe, wanda ya baro ofishinsa mai sanyi ya zo ya sha zafin kwanon rufin nan tare da mu. Shugabar kwalejin al'umma ta garinmu, Dakta Althea Mullings, da malaman da suka rako ta. Fasto Ebanks, wanda ya ba mu aron kujerun coci, ya kuma zauna a bakin ƙofa don ya tabbatar sun koma. Iyayena masu doya da gwaza da alayyafo. Masu kifi, waɗanda ko ban waiwaya ba na san sun iso. Mahauta, da masu tura amalanke. Ɗaliban da ke tsaye can baya sun sunkuyar da kai kamar waɗanda aka kawo gaban alƙali. Jama'a maza da mata, manya da yara: barkanku da yammacin nan.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama, duk da ya san idan na kama magana ba na sakinta da wuri. Ina godiya ga duk wanda ya rufe rumfarsa tun rana ba ta faɗi ba ya zo, domin na san zafin barin mai saye yana tsaye. Ina kuma godiya ga Mis Icilda Tulloch, wadda ke zaune a layin gaba da hularta ta zuwa coci, domin yawancin abin da zan faɗa nata ne, kuma da izininta zan faɗa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Verona Pinnock, Mis Vee mai takalma. Na yi fatauci zuwa Panama da Curaçao tun kafin a haifi rabin waɗanda ke nan. Na yi ciniki da mutanen da ba na jin harshensu, suka cuce ni, na koma na rama. Yanzu kuma, da furfurata, da rana ina kasuwa, da yamma ina aji ɗaya da sa'o'in jikokina a kwaleji, ina karanta nazarin tsarin kwamfuta. Saboda haka a wannan rigima ƙafata ɗaya tana nan, ɗaya tana can, kuma kowacce tana yi mini ciwo.

Abin da ya tara mu sananne ne, amma bari in maimaita saboda waɗanda suka shigo a makare. Bara kwaleji ta turo ɗalibanta na shekarar ƙarshe su shirya wa kasuwar nan tsari na kwamfuta wanda zai riƙa lura da rumfuna: wace ce ta wa, wa yake zuwa, wa ya daina. Aka ba kowane mai rumfa kati, yana taɓa shi a jikin na'urar da ke ƙofa da safe. A watan jiya wannan tsari ya ƙwace rumfar Mis Icilda ya ba wani. Yau Mis Dulcie mai ayaba ta kawo shawara gabanmu cewa a cire na'urar, a kori ɗaliban, a rubuta wa kwaleji kada su ƙara tako mana kasuwa. Yarinyar da ta jagoranci aikin, Kadeisha Mowatt, ga ta can a jikin ginshiƙi. Wannan aiki shi ne jarrabawarta ta ƙarshe. Idan muka kore su, babu takardar kammalawa, kuma ta gaya mini da bakinta ba za ta sake neman wata ba, za ta koma wankin zannuwan gado a otal ta zauna. Wannan ne za mu yanke yau, ba wani abu ba.

Na farko, ina so mu san mene ne wannan karatu da muke shirin kora, domin yawancinmu muna zaton gyaran kwamfuta ne. Ni ma haka na zata. Gaskiya ma abin da ya kai ni kwalejin shi ne, da na ga an raba mana katuna, na ce bari in shiga in ga abin da yaran nan suke ƙulla mana. Ranar farko na je aji da sukundireba a jaka. Malaminmu, Malam Errol Dacres, ga shi nan yana ɓoye fuska, ya ga na ajiye ta a kan tebur, ya ce, "Mis Vee, me za ki kwance mana?"

Na ce, "Ba kwamfuta aka ce za mu bincika ba? Ni ba na sayen abu sai na ga cikinsa."

Ya ce, "Mayar da ita jaka, uwata. A ajin nan sai mu yi wata guda ba mu kunna na'ura ba. Aikinmu mu je wurin mutane, mu zauna, mu ga yadda suke gudanar da sana'arsu, mu tambaya, mu sake tambaya, sannan mu zo mu tsara wa na'ura yadda za ta bi su."

Na ce, "Wato gulma ake ba wa takarda yanzu? Ai da an faɗa tun da wuri, da ni ce shugabar kwalejin nan."

Ku yi dariya, Dakta ma ta yi. Amma maganarsa gaskiya ce. Mai nazarin tsari tela ne. Ba shi ne mai saƙa yadi ba, ba shi ne mai ƙera keken ɗinki ba. Shi ne mai tsugunawa da igiyar awo ya auna ki kafin a sa almakashi. To, iyayena mata, ku gaya mini tsakaninku da Allah: idan tela ya zo awo, kika shaƙe numfashi kika janye tumbi don kada a san girmansa, ranar biki kuma rigar ta ɓarke a tsakiyar coci, wa za ki kai ƙara?

Na biyu, bari mu je rumfar Mis Icilda, mu bi abin tun daga tushe. Duk wanda ke cikin rumfar taron nan ya san Mis Icilda 'yar cocin masu kiyaye Asabar ce. Tun kafin in fara sayar da takalma, ranar Juma'a kafin rana ta faɗi take tura doyarta ƙarƙashin tebur, ta rufe da buhu, ta ɗaure ɗankwalinta ta tafi. Ko gari zai kama da wuta, ba za ka gan ta a kasuwa ranar Asabar ba, kuma ko ɓarin doya ba ta yarda a sayar mata a ranar. Mun kuma san Asabar ita ce babbar kasuwarmu. To, rumfa mai kyau a bakin hanya za ta kwana a rufe ranar da ake turmutsutsu? A'a. Akwai Mis Blossom, wadda ke saukowa daga kan tudu da alayyafo da attaruhu da citta, don kasuwar Asabar kaɗai, ba ta da rumfa, ba ta kuma bukatar ta sauran kwanaki. Juma'a da yamma makulli ya bar hannun wannan ya shiga hannun waccan. Blossom ta yi cinikinta, ta tsare doyar Icilda daga ɓera mai ƙafa huɗu da mai ƙafa biyu, ta share wuri, ta bar mata ƙullin citta a kan buhu. Babu wanda aka cuta. Mata biyu suna ciyar da gidaje biyu da tebur ɗaya.

Amma majalisa tana da doka, kuma Kansila ya fi ni sanin ta. Doka ta ce mai rumfa ba ya ba wani aronta. Doka ta kuma ce wanda ya riƙa fashin ranar babbar kasuwa ya saki rumfarsa ke nan, a ba mai jira. Dokar ta girmi Kansila. Abin da ya sa ba ta taɓa cizon kowa ba shi ne tsohon akawunmu, Maas Ferdie, Allah ya ƙara masa lafiya a gidan 'yarsa a Kingston. Ranar Asabar yana zagayawa, in ya iso layin doya sai hankalinsa ya koma kan rufi, yana duba ko yana yoyo. Shekara da shekaru mutumin nan yana duba rufin nan ranar Asabar, bai taɓa gyara shi ba. Da ya yi ritaya aka kawo na'ura, ita kuwa na'ura ba ta san ɗaga kai ba.

Yanzu ga Kadeisha ta zo awo. Ta je ofis, aka miƙa mata doka. Ta zo kasuwa, ta bi mu rumfa rumfa da ladabi. Na ji yadda ta kaya a layin doya daga bakinta, na kuma ji daga bakin Mis Icilda, kuma labarin bai saɓa ba.

Kadeisha ta ce, "Ina kwana, Mis Icilda. Ke kaɗai kike zama a rumfar nan?"

Mis Icilda ta ce, "Ni da Ubangijina."

Ta ce, "Kowace ranar kasuwa?"

Mis Icilda ba ta ƙarya, wannan kowa ya shaida. Sai ta ɗauki doya tana karkaɗe ƙasa, ta ce, "'Yar nan, doya kika zo saye ko aikin ɗan sanda aka ba ki?"

Sai aka amsa mata daga maƙwabta. Ba zan kama suna ba, amma ayaba mai muryar take sayarwa. Aka ce, "Rubuta kullum, yarinya! Kullum tana nan kamar an dasa ta. Wuce gaba, kina tare mana masu saye."

Ta rubuta kullum. Ta je layin kifi, aka ce kullum. Ta je wurin mahauta, aka ce kullum. Kasuwa guda, mutanen da ba su taɓa haɗa baki a kan farashin tumatir ba, ranar nan bakinsu ya zo ɗaya. Ku duba ma ranar da muka sa taron nan: Laraba. Me ya sa? Domin mun san Asabar ta wasu ce, Lahadi ta wasu. Da za mu shirya namu taron mun tuna da wannan sarai, amma da yarinya ta zo tambaya sai duk muka manta.

Haka na'ura ta riƙa jiran katin Mis Icilda kowace Asabar, da ba ta gan shi ba ta rubuta ta daina zuwa. Ranar da abin ya fashe, Litinin ce da safe. Mis Icilda ta sauko daga mota ta tarar da wani saurayi yana jera rigunan waya a kan teburinta, doyarta an fitar an jibge a rana. Ta ce, "Ɗan nan, ka yi ɓatan hanya ne?" Ya ce, "A'a, Mama, ofis ne suka ba ni, sun ce mai wurin ta daina zuwa." Ta ce, "To fatalwata kake magana da ita?" Matar da ta haura shekara sittin ta zauna a kan buhu a tsakiyar hanya, masu amalanke suna kewaye ta, tana fifita da hula. Wannan abu ya yi ciwo. Ya yi mini ciwo, ya yi muku ciwo, kuma duk wanda ya fusata a ranar yana da gaskiya. Mis Dulcie, fushinki na ƙauna ne, ban raina shi ba.

Amma ku tuna wa ya zo a guje. Ba ofis ba. Kadeisha ce ta baro kwaleji da takalmi ɗaya a hannu. Ta shigo ta ƙofar kifi, muka tarbe ta da abin da muka iya. "Ga injiniya ta iso!" "Zo ki ƙwace tawa ma, ki ba saurayinki!" "A gaya wa kwamfutarki ta zo ta ɗauki doya!" Ta durƙusa tana kwashe doyar zuwa inuwa, har ta gama, sannan ta ce, "Mis Icilda, don me ba ki gaya mini ba?"

Mis Icilda ta ce, "Da na gaya miki, da kin gaya wa akwatin can. Shi kuma da ya gaya wa majalisa."

Jama'a, duk rigimar nan tana cikin wannan amsa. Maas Egbert ya yi zirga-zirga har aka mayar da rumfa, aka nema wa saurayin wani wuri, mun gode masa. Amma abin da ya haifi matsalar yana nan daram.

Na uku, kada a ce na zo wanke 'yar kwalejinmu. Kadeisha, ɗago kai, wannan naki ne. Kin yi kuskure, kuma kuskuren da Malam Dacres ya fi yi mana kashedi a kai. Kin ɗauki abin da aka gaya miki a matsayin abin da ake yi. A kasuwa! Wurin da mutum zai rantse miki kifinsa da asuba aka kamo shi, alhali kifin ya fi shi sanin hanyar firji. Kin zo Talata, kin zo Alhamis, ba ki taɓa zuwa Asabar ba, ranar da kasuwar nan take cire mayafinta. Da kin tsaya awa ɗaya a layin doya, da kin ga Blossom.

Na tambaye ta dalili. Sai da na matsa ta ce, "Mis Vee, Asabar da Lahadi ina ɗakin wanki a otal tun safe. In na yi fashi, wata za a ɗauka." Ku ji fa. Wannan ita ce kwalejin al'umma. Ba 'ya'yan masu gidajen kan tudu ne a cikinta ba. Waɗancan jirgi suke hawa su tafi karatu. A ajinmu akwai kwandastan bas, akwai mai gadi da ke zuwa da kakinsa, akwai mai jego da ke fita tsakiyar darasi ta ba da nono a bakin taga. 'Ya'yanmu ne. Yarinyar da ta kasa ganin Asabar ɗin Mis Icilda, ta kasa ne domin ita ma Asabar ɗinta ba tata ba ce.

Kuma ku yi tunani a kan abin da zai biyo baya. Kuna zaton in mun kore su, Maas Ferdie zai dawo ya ci gaba da duba rufi? Ina! Majalisa ta riga ta ɗanɗana na'ura. Wani kamfani za a kira daga birni, mai farar mota, wanda ba zai tambaye mu komai ba, ba kuma zai zo a guje da takalmi a hannu ba. Na yi yawo, na ga kasuwannin da aka yi wa haka. Ni dai in za a auna ni, gara 'yar gida ta auna ni, wadda in ta tsuke mini riga na san ƙofar gidan kakarta.

Na huɗu, kuma shi ne mai nauyi. Ba yadda za a gyara tsarin nan sai an gaya masa gaskiya, kuma ba yadda za a gaya masa gaskiya alhali gaskiyar laifi ce a wurin majalisa. Saboda haka shekaranjiya na je gidan Mis Icilda. Na same ta tana soya ayaba. Na ce, "Yaya, ina so in faɗi maganar Blossom a gaban taro."

Ta ce, "Vee, kin sha wani abu ne? Kansila zai zo fa."

Na ce, "Shi ya sa."

Ta ce, "In kin faɗa, ni da Blossom muna iya tashi a tutar babu."

Na ce, "Ana iya haka. In kuma ban faɗa ba, yarinyar can ta tashi."

Ta ci gaba da juya ayabarta, har na fara neman jakata. Sai ta ce, "Tun da aka sa taron nan na tura wa Blossom saƙo, ta ce duk abin da na yanke ta yarda. Ni kuma na gaji da ɓoye baiwar Allah kamar kayan sata. Yarinyar nan ta kwashe mini doya ana zaginta. Je ki faɗa. In sun karɓe tebur, Wanda nake rufe shi dominsa yana gani."

Na faɗa, Kansila, ka kuma ji da kunnenka. Ga mai laifi nan zaune da hularta. Amma kafin ka ciro alƙalami, ina da roƙo uku.

Gare ka, mai girma Kansila: ka kai wa majalisa cewa a yarda rumfa ɗaya ta ɗauki suna biyu, kowa da ranarsa, a fili, da katinsa. Gare ki, Dakta: ki bar Kadeisha da 'yan ƙungiyarta su sake awo daga farko, ki kuma rubuta wa otal ɗin nan su sake ta ranar Asabar har ta gama, domin darasin da ya rage mata ba a aji yake ba. Gare mu kuma, 'yan kasuwa: mu bar Mis Icilda ta ɗauki wannan kaya ita kaɗai? Ita kaɗai ce mai miƙa makulli a kasuwar nan? Ita kaɗai ce mai mutumin Asabar, ko mutumin ranar da ake kai yaro asibiti, ko mutumin lokacin girbin rake?

Duk wanda wani yake zama a rumfarsa wata rana, ko shi yake zama a ta wani, ina roƙonsa ya miƙe tsaye. Ba na tilasta kowa. Mis Icilda, zauna abinki, kin riga kin yi naki. To, ta ƙi, ta miƙe. Mis Blossom, na gan ki, sannu da ƙarfin hali. Layin kifi, ina jiran ku. Yauwa. Mahauta, ba da wuƙa za a tambaye ku ba, ku tashi. Madalla. Fasto, kai ma? Au, ta uwargida ce. Allah ya saka. Maas Egbert, shugaba da kansa! Kujerun Fasto dai yau sun huta.

Kansila, ga su nan. In korar ce, sai ka nemo manyan motoci, ka kuma nemo wanda zai sayar wa uwargidanka alayyafo ranar Asabar. Ba sai ka amsa yau ba. Mu mutane ne masu haƙuri, kuma muna tuna fuska har ranar zaɓe.

Kadeisha, taho gaba, ku buɗa mata hanya. Share fuskarki, ki duba da kyau. Wannan ita ce kasuwar da aka turo ki ki auna, yau ta saki numfashi.

Mis Dulcie, ina ganin ki a tsaye tun ɗazu, kuma na san ba gajiya da zama kika yi ba. Shawarar korar nan taki ce. Tana nan, ko kin janye? Ɗaga murya, uwata, yadda kike kiran masu sayen ayaba. Shugaba, ka ji ta: ta janye, amma ta ce yarinya ta zo Asabar da sassafe, kuma ta zo da cikinta a wofi, akwai dafaffiyar ayaba da kifin gishiri.

Allah ya albarkaci wannan taro da waɗanda suka kira shi. Allah ya sa albarka a kan kowane tebur a kasuwar nan, da hannun da ke buɗe shi, da hannun da ke karɓar makulli. Allah ya ba shugabanninmu kunnen saurare da zuciyar sassauci. Allah ya buɗa wa 'ya'yanmu karatu, ya ba su ƙarfin tashi daga wurin aiki su shiga aji, ya sa su gama lafiya muna raye muna gani. Masu komawa kan tudu da masu gangarawa bakin teku, Allah ya kai kowa gidansa lafiya. Kafin ku fita, kowa ya ɗauki kujerarsa ya miƙa wa Fasto.

Na gode.